Yadda za ka sauya babbar manhajar kwamfuta ba tare da lambobi da kalandar na'urar hannunka sun salwanta ba

A bazarar da ta wuce wani Alhaji mai fataucin albasa tsakanin Garwa da Kuseri ya shigo shagona, laftof a hammata, zufa na ɗiga daga ƙarƙashin hularsa. Ɗansa ne ya gaya masa cewa Microsoft ta daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, injin nasa kuma ba shi da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke nema, don haka a sa masa Linux. Na ce to. Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata tsohuwar Palm Tungsten E2, ƙaramar kwamfutar aljihu mai riƙe lambobi da kalanda, wadda gefunanta suka koɗe, ya ajiye a kan teburi a hankali kamar ƙwai.

"Malam, wancan ka yi masa duk abin da ka ga dama. Wannan kuwa ita ce kasuwata."

A cikinta akwai lambobin direbobi da dillalai, da sunan wanda ya karɓi buhu nawa a wace rana, da ranar da ya ce zai biya. Shekara da shekaru yana ɗora ta a kebul ya danna maɓallin HotSync, komai ya koma kwamfuta. Yawancinmu yau waya ce ke wannan aikin, amma matsalar ɗaya ce, don haka zan bi duka biyun.

Kafin komai, a raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Daidaita bayanai daban, ajiyar ko-ta-kwana daban. Daidaitawa tana sa na'ura da kwamfuta su zama iri ɗaya: abin da ka ƙara a nan ya bayyana can, abin da ka goge a nan ma ya goge can. Idan ɓangare ɗaya ya wayi gari fanko, kuma manhajar ta ɗauka shi ne mai gaskiya, za ta kwashe na ɗayan ba tare da ta ji ta yi laifi ba. Ranar sauya babbar manhaja kuwa ita ce ranar da ɓangare ɗaya ke zama fanko.

Ni kaina da tsada na koyi wannan. Ina yaron shago, wani malamin makaranta ya kawo kwamfuta a sake mata Windows, tare da Palm m105, mai cin ƙananan batura biyu na AAA. Na ce ai komai na cikin na'urar, na goge kwamfutar. Aiki ya yi yawa, na'urar ta yi kwanaki a aljihun teburi, baturan da dama sun yi sanyi suka ƙarasa mutuwa. Irin waɗannan tsofaffin, su Palm III da Palm V da m100, a ƙwaƙwalwar da ke buƙatar wuta suke riƙe bayanai. Da na sa sababbin batura sai ta tashi tana tambayata in saita kwanan wata, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Har yanzu in na hango malamin nan a kasuwa sai in ji kunya. Na baya-bayan nan irin su Tungsten E2 da T5 da TX da Z22 ba sa mantuwa in caji ya ƙare, amma ban ƙara dogara da hakan ba.

Mataki na farko: ƙidaya

Ɗauki takarda da biro. Rubuta lambobi nawa ne a na'urar, rubutun tuni nawa, ayyukan da ke jira nawa. Na Alhaji lambobi 612 ne. Wannan adadin shi ne ma'auninka har ƙarshen aiki: in ka ga 590 bayan ƙaura, wani abu ya faɗi a hanya, in ka ga 1,224, an ninka. Kalanda ba ta ƙirguwa da sauƙi, sai ka zaɓi alƙawura uku ka rubuta ranarsu da lokacinsu, ɗaya tsoho, ɗaya mai zuwa, ɗaya mai maimaituwa duk mako.

A Palm ka tabbata rukunin da kake kallo na duka ne, ba na iyali ko na kasuwa kaɗai ba, sannan ka shiga sashen tsaro ka bayyana bayanan da aka ɓoye da kalmar sirri. Bashin da mutum ke bin 'yan uwansa galibi a nan yake ɓoye shi, kuma abin da ke ɓoye ba ya fita idan ana fitar da fayil.

A wayar Android abin ya fi rikici, domin lambobi na iya zama a wuri uku ko huɗu: katin SIM, ƙwaƙwalwar wayar, asusun Google, wani lokaci da asusun kamfanin da ya ƙera wayar. Wanda ke riƙe da layin Orange ko MTN na nan gida Kamaru, da Airtel ko Moov na Chadi, da wani na Najeriya, yakan tarar kowane kati ya riƙe nasa kason. Shiga saitin lambobi ka sa a nuna duka kafin ka ƙirga.

Mataki na biyu: fitar da komai tun Windows na da rai

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ake gaggawa. Yi daidaitawa ta ƙarshe yadda ka saba, ka duba adadin kwamfuta ya yi daidai da na takardarka. Daga nan kada a ƙara rubuta komai a na'urar sai an gama. Na ce wa Alhaji duk wanda ya biya bashi a kwana biyun nan a rubuta shi a takarda.

Abin da kake so shi ne bayananka su fita daga rumbun da manhaja ɗaya tak ke iya buɗewa, su koma fayil ɗin da kowace babbar manhaja ke karantawa. Uku ne: vCard mai ƙarewa da .vcf don lambobi, iCalendar mai ƙarewa da .ics don kalanda da ayyuka, sai CSV ko rubutu zalla don sauran. Windows da Linux da macOS da Android da iPhone duk sun san su.

Mai Palm Desktop, wato manhajar Palm da ke kan kwamfuta, ya buɗe littafin adireshi, ya zaɓi duka sunayen, ya shiga Fichier sannan Exporter, in na Turanci ne File sannan Export. Ya fitar sau biyu, ɗaya vCard ɗaya CSV. Zaɓar duka ɗin nan ba wasa ba ne: na sha ganin fayil ɗin vCard da mutum ɗaya kacal a ciki, wanda alamar linzami ke kansa lokacin fitarwa. Rubutun tuni a fitar da su a matsayin rubutu ko CSV. Kalanda ce mai taurin kai, don Palm Desktop na fitar da ita gaba ɗaya ne a nata tsarin na .dba, wanda ba kowace manhaja ke buɗewa ba. Fitar da ita hakan duk da haka, za mu samo .ics ta wata ƙofa a Linux. Sannan ka kwafe foldar mai amfani ɗungurungum. A Palm Desktop 4 tana cikin Program Files ƙarƙashin Palm ko palmOne, a 6.2 kuma tana cikin Documents ƙarƙashin Palm OS Desktop. A ciki akwai wata folda mai suna Backup, inda manhajojin da aka ɗora wa na'urar suke. Rubuta sunan HotSync na na'urar a takardarka harafi da harafi, da manya da ƙananan baƙaƙensa.

Mai tsohon Outlook ya bi Fichier, Ouvrir et exporter, Importer/Exporter. Ya fitar da fayil ɗin .pst na komai, ya sake fitar da lambobi a CSV. Kalanda kuma ya buɗe ta ya adana ta a .ics, amma ya shiga ƙarin zaɓuɓɓuka ya ce dukkan kalandar yake so da cikakken bayani, in ba haka ba ɗan yanki zai samu. A Linux manhajar Evolution na shigo da .pst, akwai kuma readpst mai warware shi, sai dai na fi son in riƙe CSV da .ics a hannu, .pst ya zama na ko-ta-kwana.

Mai Android ya fitar da .vcf daga saitin lambobi na wayar. Idan bayanansa na asusun Google, ya shiga shafin Google Contacts ya sauke vCard, ya shiga saitin Google Calendar ya sauke kalandar, za ta zo a dunƙule cikin zip. Mai iPhone ya sauke vCard daga shafin iCloud.

Yanzu ka buɗe kowane fayil da Notepad ka gani da idonka. A .vcf kowane mutum na farawa da layin BEGIN:VCARD. Fayil ɗin da ya kamata ya ɗauki mutum ɗari shida amma bai cika allo ɗaya ba, ka san da magana. Kwafi komai a filash biyu, ɗaya ya kwana a gida ɗaya a shago. Filash ɗin da za ka ɗora wa Linux ba ya cikin lissafi, domin shirya shi na goge duk abin da ke kansa.

Gargaɗi ɗaya a kan CSV: kada ka danna shi sau biyu ya buɗe a Excel sannan ka adana. Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin adadin lissafi. Zai cire alamar + da sifirin farko, doguwar lamba kuma ya mayar da ita wani abu kamar 2,37699E+11, in ka adana a haka lambobin ƙarshe sun tafi ke nan. Ga kuma rikicin waƙafi: injin da aka saita da Faransanci yana raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, na Turanci da waƙafi zalla.

Mataki na uku: gwaji daga filash

Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22, nau'o'in Linux biyu, duk suna tashi daga filash ba tare da sun taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Tashi da shi, jona na'urar, buɗe Terminal, tagar rubuta umarni, ka rubuta lsusb don ganin jerin abin da aka jona ta USB. Waya za ta bayyana nan take. Palm kuwa ba ta nuna kanta sai an danna maɓallin HotSync, don haka danna shi tukuna ka rubuta umarnin kafin ta gaji da jira. Idan ka ga sunanta a jerin, kebul da injin sun yarda da juna. Idan babu, canza kebul da rami kafin ka zargi Linux.

Lokacin ɗorawa na ainihi, ka bar Windows a gefe guda na rumbun in akwai wuri, ko ka cire tsohon rumbun ka sa sabo. Wata ɗaya ko biyu kana iya komawa duba wani abu. Kuma a cika batirin laftof kafin a fara, don mun san halin wuta a watan Maris da Afrilu.

Mataki na huɗu: haɗuwar farko

Palm na riƙe da shaidar kwamfutar da ta yi daidaitawa da ita a ƙarshe. In ita ce dai, sai ta aika abin da ya canza kawai, cikin daƙiƙu. In baƙuwa ce, sai a bi bayanan ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. Sabuwar Linux baƙuwa ce ko da injin bai canza ba. A wannan dogon gwajin ne ake samun ninki, musamman in ka riga ka shigo da vCard cikin manhajar kwamfutar sannan ka jona na'urar: kowane ɓangare zai ga na ɗayan a matsayin sabo, kowa ya ba wa kowa. Ka'idata ita ce a haɗuwar farko ɓangare ɗaya ne ke da kaya, ɗayan fanko, kuma kaya daga na'ura suke tafiya zuwa kwamfuta.

Kayan aikin Palm a Linux su ne pilot-link, mai ɗauke da umarnin pilot-xfer, da J-Pilot, madadin Palm Desktop. Nemi su a rumbun manhajojin tsarinka, in babu ka ɗauko daga shafin J-Pilot. Kafin ka buɗe J-Pilot ɗin ma, yi cikakkiyar ajiya da wannan:

pilot-xfer -p usb: -b ~/ajiyar-palm

Rubuta, danna Enter, sannan danna HotSync a na'urar. Wannan karantawa kawai yake yi, ba ya rubuta komai a cikinta. In ya ce ba ka da izini, sa sudo a gabansa. Da ya gama ka leƙa foldar. Tsofaffin na'urori za ka ga AddressDB.pdb da DatebookDB.pdb da MemoDB.pdb da ToDoDB.pdb. Na baya-bayan nan irin ta Alhaji suna da ContactsDB-PAdd da CalendarDB-PDat da MemosDB-PMem da TasksDB-PTod. Bambancin nan na da amfani, domin a saitin J-Pilot sai ka gaya masa wanne zai karanta. Wanda ya bar shi a kan tsohon tsari alhali na'urarsa sabuwa ce zai iya ganin littafin adireshi fayau, gabansa ya faɗi a banza. A saitin dai ka sa tashar ta zama usb: sannan ka zaɓi tsarin haruffan Yammacin Turai mai juyawa zuwa UTF-8.

Kwafi foldar ajiyar nan zuwa filash, sannan ka danna daidaitawa a J-Pilot. Idan ya yi ƙorafin cewa sunan mai na'urar ko lambar shaidarta ba su dace ba, tsaya ka karanta, ka gwada da sunan da ka rubuta a takarda. Bayan an gama, ƙirga. Na Alhaji 612 suka fito, na ce alhamdu lillahi a bayyane har ya ɗago kai. Daga cikin J-Pilot ɗin ne za ka fitar da kalanda a iCalendar, abin da Palm Desktop ya hana ka, da lambobi a vCard.

Ga mai Android hanya ta fi sauƙi. Idan lambobin na asusun Google, ba abin da za ka shigo da shi da hannu. Sa asusun a Thunderbird, shirin imel da kalanda na kwamfuta, wanda tun fitowa ta 91 yake haɗa littafin adireshi ta CardDAV, kalanda kuma ta CalDAV, zai nuna maka su ka amince. Fayil ɗin .vcf da ka fitar ya zauna a filash abinsa. Shigo da shi a kan asusun da ke da lambobin shi ne ninki. In an riga an yi kuskuren, shafin Google Contacts na da wurin haɗe masu kama da juna, yana kuma iya mayar da littafin yadda yake a kowane lokaci cikin kwana 30 da suka wuce. Wanda ba ya son kashe data, ko yake ƙauyen da intanet ke zuwa da tafiya, ya sa KDE Connect a waya da kwamfuta. Ta Wi-Fi ɗaya suke magana, ko da na wayar ne ba tare da data ba, ka tura fayil ka karɓa. Lambobi kuwa daga waya zuwa kwamfuta kawai yake kai su, gyaran da ka yi a kwamfuta ba ya komawa.

Mai iPhone ya sani babu iTunes a Linux. Ta iCloud zai bi, kuma Thunderbird zai nemi kalmar sirri ta musamman da ake ƙirƙira a asusun Apple, ba wadda ya saba shiga da ita ba.

Gyaran da ya dace a yi tun ana ciki

Tsohon littafin adireshi a Kamaru cike yake da lambobin da ba sa shiga. A Nuwamba 2014 aka koma lamba tara daga takwas, aka ƙara 6 a gaban na salula. Alhaji ya haddace wannan, in zai kira sai ya ƙara da kansa, amma da zarar lambobin sun koma waya ba mai ƙara musu. Buɗe kwafin CSV ɗin a LibreOffice Calc, madadin Excel a Linux. Tagar da ke fitowa kafin ya buɗe ita ce mai muhimmanci: zaɓi alamar da ta raba ginshiƙai, ka danna kan ginshiƙin lambobi ka ce rubutu ne. Jera su, ka ware na salula masu lamba takwas, ka haɗa musu +2376 a gaba.

Amma a yi hattara, lambobin Chadi ma takwas ne. Mai harka da Njamena in ya ƙara wa kowace lamba takwas 6, ya lalata rabin abokan cinikinsa na tsallaken gadar Ngeli. Wannan sai da mai littafin a zaune kusa da kai. Mun yi awa biyu da Alhaji, ina karanta suna yana cewa "namu ne" ko "na tsallake ne", shayi na hucewa. Na Chadi +235, na Najeriya +234 tare da cire sifirin farko. Lambar da ke da lambar ƙasarta tana shiga ko kana Marwa ko Kuseri ko Mubi, WhatsApp ma ya fi gane ta.

Sai haruffa. Palm da tsohuwar Windows na rubuta é da è da tsarin Windows-1252, Linux kuma UTF-8 take tsammani. In ka ga Ngaoundéré ta fito da baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya a wurin é, juya fayil ɗin:

iconv -f WINDOWS-1252 -t UTF-8 tsoho.csv > sabo.csv

In kuwa Ã© ka gani a wurin é, fayil ɗin dama UTF-8 ne, an juya shi sau biyu ko an buɗe shi da tsarin da ba nasa ba, sai ka koma kan na asali. Palm ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Wanda zai ci gaba da amfani da ita kada ya gyara sunaye da su a kwamfuta, za su koma na'urar a gurɓace.

Agogo ma na da nasa. Laftof ɗin gwanjo da ke zuwa mana daga Turai sau da yawa a kan lokacin Paris suke. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da su, shi ya sa ba a lura, amma sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya. Saita yankin lokaci a Douala ko Ndjamena kafin ka shigo da .ics, sannan ka duba alƙawura ukun nan na takardarka. Wanda ya bar Windows da Linux a inji ɗaya zai ga agogon Windows na baya da awa ɗaya duk lokacin da ya dawo daga Linux, saboda Linux na ajiye agogon injin a lokacin duniya na UTC, Windows kuma a lokacin gari. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 a Linux na sasanta su.

In kana da manhajoji biyu a inji ɗaya, ko kwamfutar gida da ta shago, zaɓi ɗaya ta zama ita ce ke daidaitawa da Palm. Yau nan gobe can na jawo dogon gwajin nan kowane lokaci, abin da ka goge jiya ya dawo, wani ya ninku. A Windows ɗin da aka bari, shiga saitin HotSync ka sa kowane sashe a kan kada ya yi komai, ko ka hana manhajar tashi gaba ɗaya.

Kalandar Palm ba ta wuce 31 ga Disamba 2031. Na gaya wa Alhaji, ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu. Duk da haka na shigo da lambobin da muka gyara cikin wayarsa ta Tecno, a sabon asusun da ba kowa a ciki, muka ƙirga 612, ya kira wani direba a Kuseri daga ciki don gwaji, ta shiga. Palm ɗin ya mayar aljihun gaba. Duk Juma'a bayan sallah yaronsa na kawo ta da laftof ɗin, a yi pilot-xfer zuwa sabuwar folda mai ɗauke da kwanan watan ranar, a kwafa a filash, sannan a danna daidaitawa.